Famfo takwas da aka sa su ɗiga

Ku 'yan yanzu gani kuke aikin famfo ba komai ba ne. A miƙo muku bututun roba da gwangwanin gam, ku shafa, ku danna, ku ce a buɗe ruwa, an gama. Shekaranjiya ma ina zaune a bakin shago na ji ɗayanku yana cewa wai mako biyu ya isa mutum ya iya sana'ar nan. Ban tanka masa ba, don lokacin bakina cike yake da goro. Yanzu da na tofar, bari in ba ku labarin aiki guda ɗaya, ku auna da kanku.

Sunana Haladu, kuma a hannun Baba Tanimu na Kwararafa na koyi aiki, shekara bakwai cur. Shi kuwa a kamfanin kuza ya koya, can Bukuru, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin manyan bututun da ake wanke ƙasa da su. A zamaninmu bututu na ƙarfe ne, idan ka saɓa biyu daga kasuwa zuwa wurin aiki sai kafaɗarka ta yi kwana uku tana ba ka labari. Da zarto ake yanka shi, da hannu ake fitar masa da zare, ana murzawa ana zuba baƙin mai, sannan a naɗa masa rama, a shafa fenti, a ɗaure da sifana mai haƙori. Washa ma, 'yar robar nan da ke cikin kan famfo tana tare ruwa, Baba Tanimu ba ya saye. Da kansa yake yankawa daga tsohon tiyub na babbar mota, kuma yakan karkata wuƙar ya fitar mata da gefe a jirkice, yankan da ko a cikin dubu zan gane.

Duk inda muka gama haɗi, sai ya yago busasshiyar takardar buhun siminti ya shimfiɗa a ƙarƙashi, ya ce mu je mu yi sallah. Idan muka dawo ya tarar da tabon ruwa, ko da kamar ƙwayar gero ne, ba ya faɗa, ba ya zagi. Sifana kawai zai miƙo maka ya koma gefe ya zauna, kai kuma ka kwance aikin wuni guda ka sake. Shi ya sa a Jos idan aka ce wane yaron Tanimu ne, ba a ƙara tambayar komai. Da wannan sunan na buɗe rumfata a unguwar Ali Kazaure, kuma ban da shi da jakar kayan aiki ba ni da wani jari.

Sai kuma aka yi rashin sa'a, a mummunar shekara na buɗe ta. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, kasuwar kuza ta faɗi, Turawan da muke yi wa aiki suna ta ɗaure kaya. Ga rani ya yi tsawo, ruwan famfo sai ya ga dama yake zuwa, wani lokaci sau biyu a mako, shi ma da tari da atishawa. Famfon da babu ruwa a cikinsa kuwa ba ya lalacewa, balle a nemi mai gyara. Nakan wuni ina goge sifana da tsumma har ta fara ƙyalli kamar ta sayarwa. A wannan lokacin idan ka bar famfo yana ɗiga, ko baƙo ne mai wucewa sai ya shigo ya murɗe shi, ya kuma yi maka nasiha kafin ya tafi.

Wata safiya Alhaji Inuwa, mai motocin dakon dankali zuwa kudu, ya tsaya a gaban rumfata. Ya sayi gidan wani Bature injiniya a hanyar Bukuru, da rijiyarsa da injin jan ruwa da komai.

"An ce kai yaron Tanimu ne," in ji shi.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To famfo nake so ka sa min guda takwas, kuma kowanne ya riƙa ɗiga."

Na dube shi in ga ko zolaya ce, na ga fuskarsa ba alamar wasa.

"Alhaji, ai mu tsayarwa muke yi."

"Na sani. Shiga mota ka gani da idonka, ni bakina ya gaji da bayani."

A wani ɗaki na bayan gidan na tarar da akwatunan gilashi takwas jere a kan teburan ƙarfe, kowanne cike da ruwa da ciyayi da kifi. Kifin kuma ba irin wanda ka sani ba, ja da shuɗi da mai ratsi-ratsi, babu wanda zai cika cokali. Da za a soya su gaba ɗaya, ba za su ishi mage buɗa-baki ba. Alhaji ya ce ranar da aka gama ciniki Baturen ya riƙe hannunsa a gaban mutane ya roƙe shi kada ya bar su su mutu, shi kuma ya ce ya karɓi amana. "Da na san hidimarsu ta kai ta jarirai, da na yi shiru," in ji shi. "Amma na riga na faɗa."

Wanda ya san kan kifin shi ne Pam, tsohon kukun Baturen, wanda Alhaji ya gada tare da gidan. Shi ya yi min bayani. Ruwan akwatin yakan tsufa ya yi tsami saboda kashin kifin da ragowar abinci, dole a riƙa canza shi. Amma in ka kwashe shi gaba ɗaya ka zuba sabo, sanyin ruwan Jos zai buga su su juyo da cikinsu sama. Sai dai kaɗan-kaɗan. Shekaru Pam yana yi da bokiti, har bayansa ya ƙi.

"Oga ya zana takarda kafin ya tafi," in ji Pam. "Ruwa shiga sannu, ruwa fita sannu. Ni baya na ya mutu, ba na iya bokiti kuma. Kifi ma ya san ni, amma ba ya tausayi."

Na karɓi takardar na juya ta sama da ƙasa. Dabarar ba ta da wuya a ido: sabon ruwa ya riƙa ɗigowa cikin kowane akwati dare da rana, tsoho kuma ya riƙa malala ta wata kafa a sama, ba tare da kowa ya taɓa ba.

Duro na fara kafawa, a kan ƙafafun ƙarfe bayan ɗakin, sama da tsayin taga. Na shafe shi da baƙin fenti don ya sha rana ya kashe wa ruwan sanyi. A ciki na sa ƙwallon tagulla irin na tankin bayan gida, wanda in ruwa ya cika zai taso ya rufe hanya da kansa. Daga duron na jawo bututu mai rabin inci ya bi bango, na fitar da ƙananan famfo takwas, kowanne a saman akwatinsa. Wannan duk aikin da na saba ne.

Huda gilashi shi ne ya sa na yi gumi cikin sanyi. Kowane akwati sai an huda shi kusa da baki don ruwa ya sami mafita. Sai mu kwashe kifin cikin baho, in yi ɗan madatsi da ƙasar yumɓu a kan gilashin, in zuba ruwa da yashi mai laushi irin na ramin kuza, in ɗora guntun bututun jan ƙarfe in yi ta murzawa. Ba a dannawa, ba a gaggawa, ba a amsa sallama. Rami ɗaya yakan ci min daga hantsi zuwa azahar. A na biyar Alhaji ya shigo ya dafa kafaɗata yana min sannu da aiki, gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa, sai da aka nemo wani. Daga ranar ya koma yin sannunsa daga bakin ƙofa.

Na haɗa kafofin takwas da bututu guda ya fita zuwa lambun kabeji, don kada ruwan ya tafi a banza. Sai awo. Pam ya sauko da agogon kicin, muka tara gwangwanin madara a ƙarƙashin kowane famfo, ina sassautawa ina ƙarawa har sai gwangwani ya cika a rabin awa daidai. Kwana biyu muka yi muna zaune muna kallon ɗigo kamar marasa aikin yi. Da muka gama, ruwa ya yi garau, kifi suna ta kai-komo, Alhaji ya sa min albarka.

Abin da Baturen bai zana a takardarsa ba shi ne mutanen Jos. Bayan kwana uku Pam ya aiko a kira ni, wai famfo sun tsaya. Na je na tarar an murɗe su tam. Hajiya Babba ce, mahaifiyar Alhaji, ta shiga ɗakin ta ji ɗis, ɗis, ɗis ta ko'ina, ta ce ita ba a yin almubazzaranci a gabanta ana layin ruwa a gari. Aka yi mata bayani, ta ce ta ji. Washegari ta sake rufewa. Baƙin da ke zuwa kallon kifi su ma kowa ya shiga hannunsa ne ke fara kaiwa kan famfo kafin idonsa ya kai kan kifi. Na rubuta takarda da boko da ajami na manna a bango, aka riƙa karantawa da ƙarfi sannan a rufe. Shi kansa Alhaji na taɓa kama shi yana hira da ni yana murɗe na kusa da shi, bai ma san yana yi ba.

Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na kwance famfon takwas na ɗan tsaga gefen kowace washa da reza, yadda ko an murɗe har ƙarshe ruwa zai sami hanya. Ya kuwa yi aiki. Hajiya Babba ta murɗa, ya ɗiga. Ta kira mai ƙarfi ya murɗa, ya ɗiga. Wani baƙo ma har ya lanƙwasa hannun famfo ɗaya, ya fita yana girgiza kai.

Direbobin Alhaji su suka kai labari tasha, daga tasha kuma ya shiga gari. Cewa aka yi Haladu ya sa famfo takwas sababbi fil a gidan Alhaji Inuwa, takwas ɗin duk suna yoyo. Cikin mako guda na zama Haladu Ɗis. Idan na wuce majalisa sai wani ya taɓa harshensa da dasashi ya yi ƙarar ɗigo, sauran su sunkuyar da kai suna dariya. Dattawan wani masallaci a unguwarmu da suka riga suka yi min maganar famfunan alwala suka aiko cewa sun ɗan dakata tukuna. Na je da kaina na ce musu da gangan na yi. Ɗayansu ya dube ni da tausayi ya ce, "Ai kowa ma haka yake cewa, Haladu." Abin ya ci min rai ƙwarai, don sunan nan shi ne abincina, ga shi ina gani yana zubewa a kan kifin da ko miya ba za a yi da su ba.

Da aiki ya ƙafe kwata-kwata, sai na karɓi wani a Barikin Ladi, inda labarin bai kai ba tukuna. Kwana tara na yi. A daidai lokacin kuma aka yi wa Pam rasuwa a ƙauyensu ya tafi. Ranar da na dawo na biya gidan Alhaji, tun daga ƙofar ɗakin na ji shiru. Babu ɗigo ko ɗaya. Ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa, don mutanen gidan sun yi ta zuba wa kifin ɓarɓashin burodi saboda tausayi. Huɗu sun mutu, sauran sun taru a sama suna buɗe baki. Alhaji na tsaye yana kallonsu.

Hajiya Babba ce kaɗai ke cikin farin ciki. "Wani dattijon kirki ne ya zo da 'yar jakarsa," in ji ta. "Ya ce kai ka aiko shi. Kafin la'asar ya gama, ko ruwa bai sha ba. Allah Ya yi masa albarka, ka ga yanzu an huta."

Na kwance famfo ɗaya na zaro washar. Baƙar robar tiyub ce, da gefe a jirkice.

"Haladu, kai ka aiko shi?" Alhaji ya tambaya.

Na san in na ce a'a, gobe tasha za ta ɗauka cewa Baba Tanimu ya shiga gidan mutane ya kashe musu kifin amana.

"Ni na aiko shi, Alhaji. Kuskurena ne."

Alhaji ya ce in gyara abin da zai gyaru. Na buɗe famfunan, na rage ruwan da bokiti, na hana ba su burodi, sannan na nufi Kwararafa.

Na sami Baba Tanimu a zaure yana wasa wuƙa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Ba sai ka gode ba," ya ce. "Wanda ya rene ka shi zai rufa maka asiri. Amma ka ba ni kunya, Haladu. Takwas! Ko makaho ya ɗaura takwas ai ɗaya zai kama."

Ya zura hannu a aljihu ya zube washoshina a kan tabarma. Ashe ya adana su shaida.

"Baba, ni na tsaga su da hannuna. Ɗigon shi ne aikin."

"Ɗigo shi ne aikin," ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana abu mai ɗaci.

Na yi masa bayanin tsamin ruwa da sanyi da bayan Pam. Ya ce kifi ai a kogi suke zaune ba wanda ke yi musu famfo. Na ce kogi ai tafiya yake yi, Baba, wannan kuwa a akwati yake tsaye. Da na gaya masa huɗu sun mutu, sai ya ajiye wuƙar.

"Da hannuna?"

"Ba da saninka ba ne, Baba. Na ce musu laifina ne."

Ya tashi ya ɗauko jakarsa da hularsa.

A ɗakin kifin ya jawo kujera ya zauna, ya sa na nuna masa komai tun daga duro har lambun kabeji. Ya shafa ramukan gilashin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bai yaba ba, amma bai miƙo min sifana ba. Sai ya ɗaga ɗaya daga cikin washoshina a gaban haske.

"Wa ya koya maka wannan yankan? Da haƙori ka yi? Roba ai kumbura take yi. Wata biyu wannan tsagar za ta toshe, ko ta yage ta yi maka ambaliya. In za ka yi ɓarna, ka yi ta yadda za ta daɗe."

Ya fito da wani siririn magagari da ban taɓa ganin ya bari wani ya taɓa ba. Ya kwance famfon farko, ya leƙa cikin tagullar, daidai gurbin da washa ke zama. Nan ya ɗora bakin magagarin, sai hannunsa ya tsaya. Duk mai wannan sana'a ya san in aka ji wa gurbin nan rauni, famfo ya gama yawo, babu washar da za ta ƙara tsayar da shi. Shekara arba'in yana korar ɗigo daga gidajen mutane. Na ji ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ya ja sau ɗaya, siriri kamar gashi.

Ya mayar, ya murɗe tam, ya ce in tara gwangwani. Bai cika a rabin awa ba, ya ƙara ja rabin na farko. Haka ya bi takwas ɗin. Da la'asar muka jera gwangwani takwas muka zuba wa agogo ido, suka cika kusan tare, kamar an yi musu kiran sallah. Ni kwana biyu na yi ban sami haka ba.

Yana tattara kaya ya ce, "Haladu, zo nan. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Kada in ji ka gaya wa kowa cewa ni na yi wannan."

"To, Baba."

"Ka yi alkawari."

"Na yi."

Muka fito. A bakin ƙofar gidan direbobin Alhaji suna zaune a inuwar mota da masu lodi, sun kai goma. Babbansu, wani mai faɗin baki, ya hango mu.

"A'a, Haladu Ɗis! Yau har da oga aka ɗauko ya share maka ɓarna? Baba, don Allah a mayar da shi makaranta, ya ɓata muku suna a gari."

Aka fashe da dariya, wani ya fara ƙarar ɗigon nan da harshe. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tafiya, tunda na riga na yi alkawari. Na yi taku biyar kafin in lura Baba Tanimu ba ya gefena. Ya tsaya a gabansu da jakarsa.

"Kai direba, ka san ni?"

"Wa bai san Baba Tanimu ba?"

"To ka kai tasha. Famfo takwas ɗin nan ɗiga suke yi, kuma za su yi ta ɗiga. Ni na sa su, da hannuna, yanzun nan. Yaron nan aikin da aka sa shi ya yi, kuma ya yi shi daidai. Wanda ke da magana ya same ni a Kwararafa."

Nan take dariyar ta mutu. Mai harshen ma ya haɗiye abinsa.

Sai da muka kai bakin titi muna jiran motar Bukuru mai shiga gari na iya buɗe baki.

"Baba, ai ka ce kada a faɗa."

"Kai na hana," ya ce. "Karɓi jakar nan ka riƙe min, ga mota can tafe."